Tawadar Araha Ce Ke Kashe Firinta, Ko Hunturu da Ɗauke Wuta?

Tun daga tsakiyar 2023 da gwamnati ta saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin banki har ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta. Tawadar firinta tana ciki. Masu shagunan kwamfuta a Gumel, waɗanda ɗaliban Kwalejin Ilimi da masu cire takardar JAMB da ta NIN ke riƙe da kasuwarsu, da yawansu sun koma wa tawadar da ba ta kamfani ba, haka ma malamin makarantar da ya ajiye ƙaramar firinta a gida a Gagarawa ko Sule Tankarkar. Daga nan ne magana ta bazu cewa duk firintar da ta ɗanɗani tawadar araha kwananta ya ƙare. Ka kai taka wurin mai gyara, kafin ya kwance ko noti ɗaya zai ce, "Malam, wace tawada ka zuba mata?" Da ka faɗa, shi ke nan an yanke hukunci: araha ba ta ado. Yanzu har an ƙara wa maganar gishiri, wai tawadar tana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta.

Wannan ta ƙarshen tana da tushe, sai dai an karkatar da ita. A watan Janairun 2024 shugaban kamfanin HP, Enrique Lores, ya faɗa a tashar CNBC ta Amurka cewa ana iya cusa ƙwayar cuta a katirij ɗin da ba nasu ba, ta bi firinta ta shiga kwamfutoci. Abin da yake nufi shi ne ɗan guntun lantarkin da ke manne a jikin katirij, kuma gwaji ne aka yi a ɗakin bincike. Masana tsaron kwamfuta da dama sun ce barazanar ba ta kai yadda aka kururuta ta ba. Ruwan tawadar da ke cikin kwalba kuwa ba shi da wani guntun lantarki, balle ya ɗauko cuta. Yana da kyau kuma a san mai maganar yana da kasuwar da yake karewa. A Satumbar 2016 kamfanin ya sa wasu firintocinsa suka daina karɓar katirij na wasu, jama'a suka yi ca, ya ba da haƙuri. A Disambar 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci shi tarar yuro miliyan 10 saboda bai fito ya gaya wa masu saye wannan takunkumi yadda ya kamata ba. Dabarar sananniya ce a wannan sana'a: a sayar da na'ura da sauƙi, a ci riba a tawada.

Ba ina wanke kowace kwalbar da aka jera a kanti ba ne, zan zo kan masu laifi a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda aka ɗora wa tawada dukan laifin, aka bar manyan masu kisan suna ta ɓarna ba wanda ya waiwaye su.

Ran firinta yana kanta, wato hed ɗin nan da ke kai da komowa a kan takarda. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan huduji da ido ba ya gani, kowanne bai kai rabin kaurin silin gashi ba. A Epson L3110, wadda ta cika shagunanmu ita da ƙanwarta L3210, baƙar tawada tana da huduji 180, kowace kala kuma 59. Ɗigon da ke fita ta nan ƙanƙanta ne ƙwarai, sai an tara fiye da miliyan 300 kafin a sami mililita ɗaya. Epson tana matso ɗigon ne da wani sinadari da ke lanƙwasa idan lantarki ya taɓa shi. HP da Canon kuwa zafi suke amfani da shi: ɗan waya ya ɗau zafin da ya kai wajen digiri 300 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kumfa ta taso ta harbo tawadar. Ita kanta tawadar, mafi yawanta ruwa ne, sai launi, sai wasu sinadarai irin su gilisarin da ke hana ta saurin bushewa.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ke biyo baya. Ka bar kurtun tawada a buɗe da hunturu, kafin ka dawo daga cin abinci ta yi kauri, ƙaron da ke cikinta ya daskare, alƙalami ya ƙi ja. Almajiri zai ɗiga ruwa ya motsa ya ci gaba da rubutu. Hudar da ba ta kai silin gashi ba kuwa, ba ta da wannan gata. Da zarar bakinta ya bushe ta toshe, ko da tawadar da ke bayanta ta fito ne daga hannun kamfani kai tsaye.

Yanzu a duba littafin da ke zuwa cikin kwalin Epson, wanda yawancinmu muke jefarwa tare da ledar. An rubuta cewa na'urar tana aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. A ƙasar Gumel, daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, a Afrilu da Mayu kuma zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a shagon kwano ko kwantena. Ke nan watanni da dama a shekara firintarmu tana aiki ne a yanayin da ba a ƙera ta dominsa ba. Ga kuma hazo. Wanda ya taɓa buɗe shago a Maigatari ranar Alhamis, lokacin da garken shanu da raƙuma da manyan motoci suka tayar da ƙasa, ya san ƙurar da ke kwanciya a kan komai kafin la'asar. Wannan ƙura tana sauka a kan takardar da aka bari a tire, takarda ta shigar da ita ciki, ta haɗu da danshin tawada ta zama laka a bakin hed.

Masu ƙera na'urar sun san da bushewa, shi ya sa suka yi mata murfin roba a gefe guda. Idan ka danna maɓallin kashewa, hed yakan koma ya zauna a kan murfin nan, iska ba ta samunsa. A nan ne matsalar wutarmu take shigowa. An ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, ko janareta ya mutu, ko yaron shago ya zare soket yana saurin tafiya masallaci: hed ya tsaya a tsakiyar hanya a buɗe, ya kwana haka, wani lokaci ya yi mako. Dare ɗaya na hunturu ya isa ya fara toshe huduji. Da safe aka ga layi-layi fari a rubutu, sai a tuno da kwalbar da aka zuba wata biyu da suka wuce a ce ita ce. Alhali da an kunna na'urar da zarar wuta ta dawo, aka bar ta ta mayar da kanta mazauninsa, sannan aka kashe ta da maɓalli, da ba a kai ga haka ba. Ƙaramar inbata ko UPS tana maganin wannan, domin irin wannan firinta wajen wat 12 kawai take ja lokacin bugu.

Sai zama ba aiki, wanda a ganina shi ne ya fi kowanne kisa. Firintar mai shagon da ke bugu kullum takan daɗe tana shan tawadar araha lafiya lau, saboda tawada tana gudana ba ta samun damar daskarewa. Ta gida wadda ake taɓawa sai lokacin jarrabawa, ko ta makarantar da aka kulle tsawon hutu, ita ce ke mutuwa da tawadar kamfani cike da cikinta. Shafi guda mai ɗauke da dukan kaloli huɗu, sau ɗaya ko biyu a mako, ya wadatar. A lura, kaloli huɗu: wanda yake buga baƙi zalla wata da watanni, ja da shuɗi da rawaya suna nan suna bushewa bai sani ba, sai ranar da aka kawo masa katin biki.

To ina laifin tawadar araha yake? Wuri na farko shi ne gauraye. Tawada iri biyu ce: akwai mai narkakken launi, akwai mai ƙananan ƙwayoyin launi da ke yawo a cikin ruwa ba su narke ba. Baƙar Epson mai lamba 103 ko 664 narkakkiya ce. Baƙar Canon GI-490 da ta HP GT53 masu ƙwayoyi ne. Idan aka zuba ɗaya a kan ragowar ɗaya, suna iya curewa su toshe bututu. Kwalbar da aka rubuta wa cewa tana yi wa kowace firinta, ita ce abar gudu ta farko, tunda kauri da santsin da hed mai matsawa yake so daban ne da na mai dafawa. Haka tawadar buga riguna da kofuna, ba a zuba ta a HP ko Canon. Wanda ya sami wata tawada mai suna a jikinta, aka rubuta lambar firintar da aka yi ta dominta, ya gwada ya ga ta karɓe shi, to ya tsaya a kanta, kada ya riƙa canzawa duk zuwa Kano don an rage masa ɗari biyu.

Na biyu shi ne ƙarin ruwa. Akwai masu tsarma tawada don ta yi auki. Ruwan rijiya ko na leda yana ɗauke da gishiri da ƙwayoyin halitta, gishirin ya taru a bakin huda, ƙwayoyin su yi yauƙi a tanki. Haka kwalbar da ta yi watanni a rana a gaban kanti.

Na uku, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne jabu. Mai sayar da tawadar Chana da sunanta bai yaudari kowa ba, ka san abin da ka saya. Amma akwai masu tattara kwalaben kamfani da aka gama da su, su ɗura abin da suka ga dama, su liƙe, su sayar a farashin orijina ko ƙasa kaɗan. Mutum ya taso daga Sule Tankarkar ya biya kuɗin mota zuwa Kano, ya ƙuntata wa kansa ya sayi mai tsada don ya tsira, a yi masa kitse da rogo. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, da ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, su doka ta ɗora wa aikin yaƙi da jabu, amma mai saye a ƙauyukanmu da wuya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin da ke hannunmu shi ne mu duba hatimin kwali, mu yi shakkar orijinar da ta yi araha fiye da kima, mu kuma fasa kwalbar da muka gama da ita kafin mu yar.

Masu ɗura katirij da sirinji, kamar HP 123 ko 305, nasu sharaɗin ɗaya ne: kada a bari ya ƙare ƙaf. Tawadar ce ke sanyaya wayar nan mai zafi, idan aka ci gaba da bugu babu ita wayar ta ƙone, kuma ba ta gyaruwa. Ko an kiyaye, hed ɗin katirij ba a yi shi don dogon zamani ba, bayan 'yan ɗure-ɗure zai gaji. Masu tanki kuma kada su bar tawada ta sauka ƙasa da layin ƙasa, iska za ta shiga bututu. Abin lura, ita kanta firinta mai tanki daga dabarar talakawa ta samo asali. Mutanen Indonesiya sun daɗe suna jona wa firintocinsu tankuna daga waje, har Epson ta ga ba sarki sai Allah ta fito da nata a can a 2010.

Idan toshewar ta riga ta faru, kuskuren da ake yi shi ne a yi ta danna wankin hed sau goma a jere. Umarnin Epson shi ne a gwada sau uku, idan bai buɗe ba a bar na'urar ta huta aƙalla awa 12 kafin a sake. Kowane wanki yana zuƙe tawada ya zubar da ita a wani soso da ke ƙasan firinta, akwai kuma ma'aunin da ke ƙirgawa. Ranar da ya cika sai fitilu su kama ƙiftawa, aiki ya tsaya. Masu gyara da yawa manhaja kawai suke sawa su mayar da ƙirgen baya, su karɓi kuɗi, soson yana nan jiƙe sharkaf. Wata rana tawada ta malalo kan tebur ko ta taɓa lantarkin ciki. Ka ce a canza soson a gabanka, ko a fitar da bututun zuwa wata kwalba a waje.

Akwai wani ɓangaren da ya wuce lafiyar na'ura. Narkakkiyar tawada, ta kamfani ce ko ta araha, ruwa yana wanke ta, rana tana koɗar da ita, ta arahar kuma takan fi saurin koɗewa. Takardar cinikin gona, yarjejeniyar rabon gado, shaidar sayen dabba, waɗannan takardu ne da za a nema bayan shekara ashirin, wataƙila a gaban alƙali, bayan sun sha damina a ƙasan akwati. Bai kamata a buga su da abin da ake buga katin suna ba. A nemi firintar leza, mai garin tona, ko a ƙalla a yi hoton takardar a injin kwafi a sa hannu a kan wannan.

Wannan ya kawo ni kan ofisoshinmu. Sau da yawa ana sayo firinta mai kala a kwangila, a ajiye ta a ofishin da ba ya samun wuta sai jefi-jefi, ba wanda aka ɗora wa kula da ita, ko ƙyallen rufewa babu. Bayan wata uku ta toshe, a tura ta saman kabad, a koma aika masinja shagon bakin titi, shekara mai zuwa a sake rubuta wata a kasafi. Kuɗin jama'a ne. Ofishin da wasiƙu baƙi da fari kawai yake bugawa, kuma ba kullum ba, leza ce ta dace da shi, domin garinta ba ya bushewa ko ta shekara a ajiye. Sai dai tana jan wuta ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama, ƙaramar sola ba za ta ɗauke ta ba. Wanda ke sa hannu a takardar sayayya ya kamata ya fara tambayar shafi nawa ofishin ke bugawa a mako, da wace wuta kuma, kafin ya zaɓi na'ura.