Kolestarol, abinci da rage ƙiba

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da ke yawo a cikin jini. Hanta ce ke samar da mafi yawansa, sauran kuma yana zuwa ne daga nama, ƙwai da madara. Jiki na buƙatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta, amma idan nau'in da ake kira LDL ya yi yawa, yakan taru a bangon jijiyoyin jini ya ƙuntata su, har ya kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Nau'in HDL kuwa yana kwashe kolestarol ya mayar da shi hanta. Yawansa ba ya nuna alama, sai an gwada jini. Ana son jimillarsa ta kasance ƙasa da miligiram 200 a kowace desilita.

Abinci

Kitse mai daskarewa ne ya fi ɗaga LDL. Ya haura rabin man shanu, ya kai kusan rabin manja, amma a man gyaɗa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana.

A Anka, Gummi da Bukkuyum da ke yammacin Jihar Zamfara, cimar yau da kullum ita ce gero, dawa da wake, da miyar kuka ko kuɓewa. Wake da kuɓewa suna da harza mai narkewa, wadda ke rage tsotsar kolestarol a hanji. Matsalar takan zo ne daga yawan man shanu, kitsen nama da soye-soye.

Rage ƙiba

Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa yakan sauke maiƙon jini, hawan jini da sukari. Mai kilo 90 ke nan zai rage kilo 4.5 zuwa 9. Wannan ya bambanta da rama. A yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa, kamar Gummi, ramewa ba da niyya ba alamar yunwa ce ko cuta irin su tarin fuka, kuma tana buƙatar zuwa asibiti.

Tsawon rai

Binciken Framingham da aka fara a Amurka a 1948 ya nuna alaƙar yawan kolestarol da ciwon zuciya. A 1994, binciken 4S ya gano cewa maganin simvastatin ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin masu ciwon zuciya. Sai dai a binciken Look AHEAD, da ya ƙunshi masu ciwon sukari 5,145, rage ƙiba ya inganta lafiyarsu amma bai rage bugun zuciya ba. Saboda haka likitoci kan haɗa gyaran abinci da motsa jiki, barin taba da shan magani ga wanda ya buƙata.