Koyon Ɗaukar Hoto a Sabon Badun

Sa'ad da na mallaki kyamarar dijital, na yi zaton tun da an huta da sayen fim da jiran mai wankin hoto, ba sauran wani ilmi da za a nema sai danna maɓalli. Ban farga ba sai da tafiya ta kai ni Badun, na sauka a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, wadda fataucin goro da shanu ya raya ta, na wuni ina ɗauka, da dare na duba na tarar rabin abin da na tara duhu ne, sauran kuma hazo.

Asalin hikimar ɗaukar hoto daɗaɗɗe ne, gama tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya bayyana a Kitabul Manaziri yadda haske, idan ya kutsa ɗaki mai duhu ta 'yar kafa, yakan zana surar abin da ke waje a kife jikin bango. Abin da Steven Sasson na kamfanin Kodak ya yi a Amurka a 1975 shi ne ya sa na'ura ta karɓi surar, ta mai da ita lambobi. Saboda haka mai koyo haske yake koyo: faɗin ƙofar da zai shiga, da tsawon ƙiftawar marfi, da ma'aunin da ake kira ISO, wanda 100 ya wadatar da rana tsaka, amma bayan magariba sai an kai shi 1600, hoton kuwa ya fito da tsaki-tsaki.

Darasin da ya fi zauna mini ranar Jumma'a na same shi, a bakin masallacin Sabo, inda Hausawa suke sallarsu ta Jumma'a tun 1952, zamanin da ɗarikar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar. An sallame, jama'a suka fito cikin fararen riguna, rana na dukan shadda, kyamara kuwa, da yake an bar ta da ra'ayinta, sai ta ga farin ya yi yawa ta rage haske, fuskokin bayin Allah suka dushe. Maganin abin shi ne a auna hasken daga fuska, ko kuwa a ja mutum zuwa inuwa. A ƙarƙashin wata rumfa na yi haka da wani dattijo mai goro, yana ɗaga ganye yana yayyafa ruwa, fari a gefe ja a gefe. Da na gaggauta marfin zuwa kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, har ɗigon ruwan ya tsaya cak tsakanin yatsunsa da faifai.

Amma wannan hoto bai samu ba sai bayan sallama, da gaisuwa, da sayen goro, da neman izini, kuma a nan ne nake ganin yawancin matafiya suke tuntuɓe. Sabo gidan mutane ne masu mutunci, ba wurin kallo ba. 'Yan canji ba su son a auna su da kyamara suna ƙirga kuɗi, kuma suna da gaskiya. Matan aure da cikin gidaje hurumi ne. Akwai kuma wanda yake ƙyamar hoto saboda fatawar malaminsa, wajibi ne a ƙyale shi ba tare da jayayya ba. Falalar dijital ita ce nan take za ka juya allon ka nuna. Dattijon ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ashe haka na tsufa? To, ka turo wa yarana."

Mai niyyar zuwa, ya cika batir tun da dare domin wuta ba ta da tabbas, ya fito da hantsi ko la'asar sakaliya, in kuwa rufin kwanon Badun mai tsatsa yake so ya gani shimfiɗe, ya hau hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are. In ya dawo Sabo, don Allah ya bar kyamarar a jaka sai an amsa masa sallama.