Ciwon gaɓɓan da ke taɓa zuciya

Uwargida, ba kowane ciwon gaɓa ne "sanyi" ba. Akwai wanda shekaru da nauyin jiki ke kawowa, guringuntsin gwiwa ya side. Akwai kuma wani nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, wanda garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta far wa gaɓɓai. Yakan fara da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda. Da asuba hannu ya sandare fiye da rabin sa'a, har mace ta kasa matse tsumma ko ɓalle wa yaro maɓallin riga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Sau da yawa yakan lafa lokacin goyon ciki, sannan ya taso da ƙarfi bayan haihuwa. A nan ne ake cewa ai wankan jego ne bai yi kyau ba, a ƙara mata ruwan zafi, ciwon kuwa yana nan yana cinta.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne, kumburin ba ya tsayawa a gaɓa. Sinadaran da ke haddasa shi suna yawo cikin jini, suna ƙuje bangon hanyoyin jini ta ciki. Inda bango ya ƙuje, nan kitse ke samun wurin maƙalewa, hanya ta riƙa ƙuntata har wata rana ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Bincike ya nuna haɗarin ciwon zuciya ga mai wannan cuta ya ɗara na sauran mutane da kusan rabi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta ba da shawarar a riƙa auna wannan haɗari aƙalla duk shekara 5.

Sai batun magani. Diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis kamar gyaɗa suna kashe zogi, amma shan su kullum yana ɗaga hawan jini, yana wahalar da ƙoda. Deksametazon da danginsa, waɗanda ake yawan cusawa cikin "haɗi", suna saukar da kumburi nan take, shi ya sa mace ke ganin ta dace. In aka daɗe a kansu sai su kawo hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, likita ne zai rage mata a hankali.

Maganin da ke danne cutar daga tushe, irin su metotireksat, shi ne aka ga yana rage haɗarin zuciyar ma. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba. Yana illa ga ɗan tayi, ba ya kuma dacewa da shayarwa, don haka mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin ciki ya shiga.

Duk ranar da kika je asibiti, ki nemi a auna miki hawan jini, a duba suga da kitsen jini. Ki rage gishiri da dunƙule a miya, ki riƙa tattaki ko da a tsakar gida ne. In maigida na shan taba ko shisha, hayaƙin ma naki ne.

Kada ki jira sai ƙirji ya yi ciwo mai tsanani, domin ga mata, kuma ga masu wannan cuta, bugun zuciya kan zo a ɓoye. Nauyi a ƙirji, haki daga ɗan aiki kaɗan, zufa mai sanyi, tashin zuciya, ko ciwon da ke hawa muƙamuƙi ko hannun hagu, duk ba na shafa man zafi ba ne. A nemi abin hawa a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.