Rumfar Dashe Daga Tsofaffin Kaya

Tun daga shekarar 2007, lokacin da Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na kafa katangar itatuwa a bakin Sahara, har zuwa 2015 da Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman domin jihohi goma sha ɗaya da hamada ke yi wa barazana, ba a daina maganar dashe ba a ƙasar Hausa. Amma galibin itatuwan da mutum zai gani sun rayu a ƙauyuka, in ya bincika asalinsu, zai tarar daga hannun wani talaka suka fito, wanda ya killace kusurwar gonarsa yana renon dogon yaro da turare da zogale da mangwaro mai aure, yana sayarwa a farkon damina. Irin wannan mutumin, bayan ruwa, babu abin da yake bukata kamar rumfa, domin tsiron da bai yi ƙwari ba ba ya jure ranar bazara, kuma garma da buta da buhun taki suna son wurin da ruwan sama ba zai same su ba. To, ga shi kuwa kuɗin bandir guda na sabon kwano ya isa ya cinye jarin mai ƙaramin ƙarfi tun bai zuba iri ko ɗaya a leda ba, shi ya sa masu dabara suka koma ga tsofaffin kaya, kuma a ganinmu sun yi daidai, muddin sun san abin da za su ɗauka da abin da za su bari.

Mafificin abin da ake tsinta shi ne azara. Idan aka rushe tsohon soro domin a yi ginin bulo, sau da yawa akan jibge azarar a gefe kamar ba ta da sauran amfani, alhali kuwa giginya, musamman wadda ta tsufa kafin a sare ta, tana da taurin tsiya a ɓangarenta na waje, har gara takan sha wahala kafin ta huda ta, wanda shi ne dalilin da ya sa magina na dā suka ɗora mata nauyin rufin fada da masallaci. Mai saye sai ya ƙwanƙwasa ta da bayan gatari: in ta amsa da ƙara mai kaifi, da sauran ranta; in kuwa ta yi dum, to cikinta ya zama gari, sai murhu. Dirkoki kuma babu kamar ƙirya in an samu busasshiya, in ba a samu ba a sassabe reshen dogon yaro, wanda yakan sake tofowa bayan sara. Ƙarshen da za a binne a ɗan babbaka shi a wuta har ya yi baƙi, sa'an nan a zuba tsakuwa a gindin ramin don kada ruwa ya kwanta. Akwai masu shafa baƙin mai na mota, kuma haƙiƙa yana korar gara, sai dai mai renon dashe ya tuna cewa man nan yana tsatsafowa cikin ƙasa, ga rijiyarsa kuwa a kusa.

Tsohon kwano, irin wanda ake samu wajen 'yan gwangwan ko a kasuwanni kamar ta Ƙofar Ruwa a Kano, aibinsa biyu ne, tsatsa da hujin tsofaffin ƙusoshi. A ɗaga shi sama a duba ta wajen rana, duk inda haske ya ɓullo a toshe da kwalta da ɗan ƙyalle. A buga sabuwar ƙusa a kan tudun kwanon, domin kwarinsa hanyar ruwa ce. Kuma tun da hadarin ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, hikima ita ce rumfa ta juya wa gabas baya, rufinta ya yi ƙasa ta wannan fuska, a kuma ɗaure azara da dirka da waya, kada a dogara ga ƙusa kaɗai, don iskar farkon damina ta ƙarƙashi take shiga ta ɗauke rufi ɗungurungum.

Amma fa kwano na ɗakin kayan aiki ne kurum. Ɓangaren da tsiro zai zauna zana yake so, ko karan dawa da aka jera da tazara, yadda kusan rabin hasken rana zai ratsa, domin tsiron da aka rufe ruf yakan yi tsawo siriri, ya yi fari, ranar da aka kai shi gona kuwa ya kwanta. Idan lokacin dashe ya gabato sai a riƙa zare karan kaɗan-kaɗan, a rage ban ruwa, har tsiron ya saba da rana. Ledar ruwan sha ma, wadda ta cika kwatocinmu, in an yanke bakinta aka huda gindinta, ta wadatar wajen renon zogale da gwaiba a watanninsu na farko. Kwanon nan kuma yana da wata fa'ida wadda lissafi ke tabbatarwa: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufi mai mita 3 a faɗi da 4 a tsawo, in aka yi ruwa na milimita 20, zai zubo da lita 240, ya cika durom mai cin lita 200 har ya tumbatsa, in dai an sa masa indararo.

Akwai kayan da araharsu musiba ce. Tsohon rufin asbesto, mai launin toka, wanda aka yi yayinsa a makarantu da barikoki, idan aka fasa shi ko aka yanka da zarto, ƙurarsa tana shiga huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'insa yana da wannan illa. Haka nan durom ɗin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki, wanki ba ya tsarkake shi, bai halatta a tara ruwan da yara za su iya sha a cikinsa ba.

Sauran magana ita ce ta halal, wadda ba a cika son tayar da ita ba a bakin sikelin 'yan gwangwan. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun bambanta tsakanin abin da mai shi ya yar don ya gama da shi, da tsintuwa mai daraja, wadda hukuncinta shi ne a yi cigiya har shekara guda. Balle kuma ƙarfen titin jirgin ƙasa, ko kwanon da aka kware daga ajin makarantar gari da dare, waɗanda dukiyar jama'a ce, sayensu kuwa taimakon ɓarna ne ko da an biya kuɗi lakadan. Saboda haka, ya kai mai niyyar kafa rumfa, idan aka kawo maka kwano mai sauran fenti a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, tambayi daga rufin wa aka cire shi, kuma ka nemi ganin mai rufin kafin ka miƙa kuɗinka.