Amanar Yara a Darasin Hutu

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, aka shiga dogon hutun nan da ba ya ƙarewa sai Satumba, sai ka ga sanarwa ta bayyana a ƙofofin makarantun kuɗi da na Islamiyya a garin Gombe, tun daga Pantami da Bolari har Tudun Wada da Jekadafari, ana kiran iyaye su kawo 'ya'yansu darasin hutu: wani wurin lissafi da Turanci, wani wurin hadda da tajwidi, wani kuwa kwamfuta da ɗinki. Babu mai musun fa'idar wannan al'ada, tun da yake yaron da ke gaban malami ya fi wanda ke gararamba a bakin tasha. Amma duk wanda ya karɓi ɗan wani tun daga hantsi har azahar, to, ya sani amanar rai ya ɗauka, kuma malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan maƙasudai biyar na shari'a.

Mutanen Turai da Amurka, da yake hutunsu cikin zafi yake faɗowa, rana suke yi wa tanadi. Mu kuwa namu a tsakiyar damina yake, a watan Agusta da ruwa ya fi sauka a Gombe, saboda haka abin tsoronmu ruwa ne, na sha da na sama.

Mu fara da na sha. Dubi randar da ke gindin darbejiya a tsakar makaranta, da moɗa guda a kan murfinta: yaro zai fito daga makewayi, ya ajiye buta, ya tsoma moɗar har ruwa ya taɓa wuyan hannunsa, ya sha, ya miƙa wa na bayansa. Mun karanta a Ahalari da Risala cewa ana duban launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi, kuma wannan hukunci daidai yake a babinsa na ibada. Sai dai ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta sauya ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku, har ya zama ruwan da ya halatta a yi alwala da shi yana iya kwantar da aji guda. A annobar kwalara ta 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14, wato ainihin masu zuwa darasin hutu, su ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu. Rigakafin ba tsada gare shi ba: a tafasa ruwa ko a ɗiga masa kulorin, a zuba a bokiti mai murfi da famfo, kowane yaro ya zo da kofinsa, a ajiye sabulu a bakin makewayi. Haka kuma ya wajaba hedimasta ya san wadda ke sayar da awara da zoɓo a ƙofarsa, ya san daga ina robobinta suke fitowa, domin da yawa tsintattu ne. In kuwa gudawa ta kama yaro, kada a jira sai an tashi, gama kwalara takan ƙarar da ruwan jiki cikin sa'o'i kaɗan. A dama masa ƙunshin gishirin asibiti, in babu shi a zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali cikin lita guda ta tsaftataccen ruwa, yana kurɓa ana kan hanyar asibiti.

Bayan ruwan sha, akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda a gida ake ɗaukarsa, domin macen sauron da ke yaɗa shi da dare take cizo, amma a aji yakan bayyana. Abin da aka saba shi ne a ba yaro Panadol, a ce ya kwanta a benci, wanda kuwa ɓoye zazzaɓi ne kawai. Gwajin ɗigon jini na ɗan yatsa bai wuce kamar minti 15 ba. Kada kuma a dogara ga maganin rigakafin da ake rabawa gida gida a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, domin a nan na 'yan wata 3 zuwa 59 ne. A ganina, makarantar da ba ta da littafin da aka rubuta lambar wayar uban kowane yaro, da bayanin mai sikila da mai asma da mai farfaɗiya, ba ta cancanci karɓar kuɗin kowa ba. Mai sikila musamman, dukan ruwa da ƙishirwa duka suna tayar masa da ciwo.

Saura ruwan sama. Tun da aka dawo da hedkwatar masarauta daga Nafada zuwa Doma, wato Gombe ta yanzu, a 1919, garin nan a gangare yake zaune, ƙarƙashin tudun Akko, kan ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke yagewa, shi ya sa kwaruruka suka ratsa unguwanni, kuma waɗanda suka shaida ambaliyar Agustan 2004 ba sa bukatar a yi musu bayani. Kwarin da yaro ya tsallaka a bushe da safe yana iya cika ya batse kafin azahar, ko da ba a yi ruwa a unguwarsu ba, muddin an yi a sama. Malamai da yawa, in sun ga hadari ya haɗu, sai su ce, "Maza ku ruga gida kafin ya sauko," alhali kuwa wannan ne lokacin da ya kamata a rufe ƙofa, a tsare su har ruwa ya ɗauke, kwari ya janye, ko da iyaye za su yi ƙorafin jinkiri. Sa'an nan kada a saki ƙaramin yaro sai ga wanda ubansa ya ambata tun ranar rajista, kuma mai Keke Napep ɗin da ke lafta yara takwas, wasu a gefen direba ƙafa a waje, a gaya masa ya yi sawu biyu, a ƙara masa kuɗin mai.