Yaron da ya daina zuwa atisaye: sammu ne ko ciwo?

Da zarar gasar wasannin makarantun sakandare ta matso a Kafanchan, Kagoro ko Zonkwa, sai maganganu su yawaita. Yaron da ya saba zura ƙwallo ya daina zuwa atisaye, yana kwana ido biyu, abinci ba ya shiga. Yarinyar da ta fi kowa gudu ta fashe da kuka a bakin fili ba wanda ya taɓa ta. Kafin magariba an yanke hukunci: 'yan wata makaranta sun yi masa jifa, ita kuma iska ta shafe ta.

Wannan zance shi ya fi cin lokaci. Rashin barci, janye jiki daga abokai, saurin fushi, faɗuwar gaba da numfashi sama-sama dab da wasa, duk alamun ciwon damuwa ne da na fargaba, kuma likitoci sun san su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Yaran Kudancin Kaduna kuwa suna da ƙarin kaya a kai: wasu cikin dare suka gudu daga ƙauyukansu a Kaura ko Zangon Kataf, wasu sun binne iyaye. Ban hana kowa addu'a ba, fasto da liman suna da gurbinsu. Abin da ke min ciwo shi ne a shafe wata uku ana yawon karya sammu, likita bai ga yaro ba. In kuwa halinsa ya canza ne bayan ya yi karo da kai a fili, yana ciwon kai da mantuwa, to ƙwaƙwalwa ta bugu: a fitar da shi daga wasa, a kai shi asibiti.

Ana kuma cewa ɗan wasa ba ya damuwa, tunda gumi na wanke zuciya. Akwai ƙamshin gaskiya, motsa jiki yana rage damuwar da ba ta yi tsanani ba. Amma wasan kansa yana kawo tasa: targaɗen da ya ƙi warkewa, cire suna daga jerin 'yan wasa, ko dillalin bogi da ya karɓe kuɗin cittar uba da alkawarin gwaji a Turai ya ɓace. Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasanni da dama a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda lafiyar ƙwaƙwalwarta. Ta nemi taimako, ta dawo a Paris a 2024 ta ci zinare uku.

Sai tiramol, da samari ke cewa yana ba da ƙarfi. Gaskiya ne yana dusashe zafi, shi ya sa yaro ke iya buga wasa a kan rauni har ya ƙarasa lalata gwiwarsa. Ƙarfi kam ba ya bayarwa. Yana kama jiki, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma in aka rasa shi damuwa ta ninka. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi lokacin gasa, don haka mai burin shiga ƙungiyar ƙwallon matasan Najeriya ta Golden Eaglets ya sani ƙofa yake rufe wa kansa.

Mafi haɗari a cikin jita-jitar ita ce wai in ka tambayi yaro ko yana tunanin kashe kansa, kai ka saka masa tunanin. Ƙarya ce. Binciken masana ya nuna tambayar ba ta ƙara haɗari, sau da yawa ma ita ke buɗe bakin da ya daɗe a rufe. Malamin wasanni ya ja shi gefe, ba gaban 'yan uwansa ba, ya ce: "Ɗana, na ga ka canza. Ka taɓa jin gara a ce ba ka raye?" In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin feshin gona da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kira iyaye, a nufi babban asibitin Kafanchan a ranar.

Iyaye da yawa na tsoron a tura 'ya'yansu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wai duk wanda ya shiga ya zama mahaukaci, makaranta da ƙwallo sun ƙare. Ba haka ba ne. Da yawa likita suke gani su koma gida a ranar, da shawara ko magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana azabtarwa da nuna wa mai lalurar wariya. Inda ya cancanci tsoro shi ne gidan mari: a Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani irinsa a Rigasa, cikinsu har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa.