Ƙarar Cikin Ƙofar Mota: Mene ne Dalilinta, Kuma Yaya Ake Maganinta?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar da ke jigilar kayan 'yan kasuwa daga Ƙofar Wambai a birnin Kano, da wuya bai ji wata ƙara ƙaraf-ƙaraf tana fitowa daga cikin ƙofa ba. Direbobi da dama kan yi kunnen uwar shegu da ita. Amma wannan ƙara tana ɗauke da darasin kimiyyar sauti, kuma wani lokaci gargaɗi ce game da lafiyar fasinjoji.

Yadda Sauti Yake Samuwa

Sauti yana samuwa ne idan abu ya yi karkarwa, ya girgiza iskar da ke kewaye da shi har ta iso dodon kunne. Ana auna yawan karkarwa a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz, wanda aka raɗa wa sunan masani Bajamushe, Heinrich Hertz, da ya rasu a 1894. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000.

Mota kuwa ba ta rabuwa da karkarwa. Alal misali, inji mai silinda huɗu, irin na Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, yana kunna wuta sau biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 900 a minti, ya kunna sau 1,800 ke nan, wato sau 30 a daƙiƙa. Ga kuma gargadar hanya da tayoyi ke aikawa ga jikin motar.

Me Ya Sa Ƙofa?

Ƙofar mota akwati ce mai rami a ciki. Tana ƙunshe da gilashi, da na'urar ɗaga shi, da siraran sandunan ƙarfe masu haɗa mariƙi da makulli, da wayoyin lantarki. Ƙananan maƙalai na roba ne ke riƙe da yawancinsu. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a Kano, yana busar da robar har ta karye, ƙurar hunturu kuma tana cinye giris. Da zarar abu ya saki, sai ya riƙa bugun na kusa da shi. Ramin ƙofar kuma ya ƙara ƙarfin amon, kamar yadda ƙwarya ke yi wa tsirkiyar gurmi.

Mai karatu zai lura cewa ƙarar kan tsananta a wani gudu, ta lafa a wani. Dalili shi ne, kowane abu yana da adadin karkarwar da ya fi karɓa. Idan girgizar inji ta dace da wannan adadi, sai motsin ya haɓaka, tamkar lilo da ake turawa daidai lokacin da ya dawo.

Gano Inda Take

Kunne kan ruɗi mutum a nan, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, amma cikin ƙarfe yakan kai mita 5,000. Saboda haka ƙarar da ta tashi daga ƙasan ƙofa tana iya zama kamar daga sama take. Sai a bi mataki-mataki, ana sauya abu ɗaya a lokaci guda.

Da farko a kwashe abin da ke aljihun ƙofa, kamar makullai da kwalabe. Na biyu, a tsai da mota, a bubbuga ƙofar da tafin hannu ana saurare. Na uku, wani ya tuƙa, wani ya danna sassan marfin ciki ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar ta ɗauke, nan matsalar take. Na huɗu, a sauke gilashi kaɗan. Idan sautin ya sauya, to laifin gilashi ne ko hanyar da yake bi.

Gyara

A cire kan batir tukuna, domin wasu motoci suna da na'urar da ke tayar da jakar iska ta kariya a cikin ƙofa. Sannan a kwance kusoshin marfin ciki, a ɓamɓare shi a hankali. A ɗaure notin da ya saki, a sauya maƙalan da suka karye. Ana neman irinsu a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. A naɗe sanda ko wayar da ke lilo da soso da tef, a shafa wa na'urar gilashi giris. Kada a toshe hudojin da ke ƙasan ƙofa, ta nan ruwan damina ke zuba. In ya kwanta, tsatsa ce za ta biyo baya. Kafin a mayar da marfi, a gwada makulli ta ciki da waje.

Kammalawa

Sandar makulli da ta zame tana iya hana ƙofa buɗewa a lokacin haɗari, don haka rigakafi ya fi magani. Malamai na iya nuna wannan darasi a aji: a danne rula a bakin tebur, a kaɗa ta, sannan a rage tsawon da ya fito. Ɗalibai za su ji sautin yana ƙara siranta yayin da karkarwar ke ƙara sauri.